Ɗaga kofi a wajen biki: al'ada ce, ibada ce, ko kwaikwayon mashaya?

Tambayar da ke yawo a Zangon Kumasi duk lokacin da aka shiga kakar bukukuwan aure ita ce: idan mai gabatarwa ya ce kowa ya miƙe ya ɗaga kofi domin ango da amarya, alhali abin da ke cikin kofin soɓolo ne, wato zoɓo, ko lemo, Musulmi ya ɗaga ko ya yi zamansa? Da zarar bidiyon wata dina ya faɗo WhatsApp, sai gardama ta kaure daga Aboabo har Asawase. Wasu su ce shirka ce tsagwaronta, ba ta da maraba da giyar da ake tsiyaya wa ƙasa a fadar sarakuna. Wasu su ce ai fatan alheri ne kawai, kuma lemo bai taɓa haramta ba don an ɗaga shi sama. Gardamar ta ƙi ƙarewa ne saboda an haɗa abubuwa uku ana yi musu hukunci ɗaya: tsiyaya abin sha a ƙasa domin magabata, ɗaga kofi da fatan lafiya, da zama a teburin da ake shan giya. Sai an raba su kafin a san inda ake da sauƙi da inda babu.

Me ake yi, kuma me ake faɗa?

Tsarin kusan iri ɗaya ne ko'ina. Mutum guda ya miƙe ya ambaci wanda ake karramawa, ya yi masa fatan alheri a taƙaice. Jama'a su ɗaga kofunansu su maimaita kalma ɗaya ko biyu, na kusa da juna su gwara kofuna, sannan kowa ya kurɓa.

Kalmar da ake maimaitawa a yawancin harsunan Turai lafiya take nufi. Fatakenmu masu zuwa Lome, Wagadugu da Abijan sun san "santé" ta Faransanci. Mutanen Sifen na cewa "salud", Italiya "salute", Fotugal da Birazil "saúde", Folan "na zdrowie". Jamusawa na cewa "prost", daga Latin, ma'ana ya amfane ka. Larabawan da ke yin wannan al'ada su ma cewa suke "fi sihhatika". Yahudawa rayuwa suke ambata, Turkawa kuma daraja da mutunci. A ƙasar Jojiya abin ya wuce kalma ɗaya: ana naɗa mutum na musamman da ake kira tamada, shi ke jan ragamar liyafa da dogayen jawabai, kuma ba a sha sai ya gama.

Gabashin Asiya ne maganar ta sha bamban, kuma wannan ya shafi 'yan kasuwarmu na kasuwannin Adum da Kejetia masu zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin sarin kaya. "Ganbei" ta Sinawa, da "kanpai" ta Japanawa, da "geonbae" ta Koriyawa duk ma'anarsu guda: a busar da kofi. A teburin kasuwanci a Sin, idan mai masaukinka ya ce "ganbei", sau da yawa yana sa ran ka shanye tas, ka nuna masa gindin kofin. Akwai kuma ladabin da ke tattare da shi: ƙarami kan sauke bakin kofinsa ƙasa da na babba idan za su gwara, a Koriya kuma yaro kan kau da fuska gefe kafin ya sha a gaban dattijo. A can, matsin lambar da ke kan wanda ba ya sha ya fi na Turai nauyi.

Daga ina al'adar ta fito?

Labarin da aka fi bayarwa shi ne wai mutanen da na gwara kofuna ne don abin shan wannan ya fantsama cikin na wancan, saboda tsoron guba. Labarin na da daɗin ji, amma masu binciken tarihi ba su sami abin da ke tabbatar da shi ba.

Abin da ya tabbata ya fi wannan nauyi. Tsoffin Girkawa kan fara zaman shansu da tsiyaya giya domin gumakansu da jaruman da suka mutu, daga nan su sha domin lafiyar juna. Rumawa suka gaje su. A shekara ta 30 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), majalisar dattawan Rum ta zartar cewa a kowace liyafa, ta hukuma ko ta gida, a tsiyaya giya domin Oktabiyan, wanda daga baya ya zama Sarki Agustus. Ke nan masu cewa tushen al'adar na da alaƙa da bauta ba ƙarya suka yi ba.

Da Turai ta karɓi Kiristanci, aka daina ambaton gumaka, shan giya don lafiyar sarki da abokai ya ci gaba. Ya kuma zama hanyar tilasta wa mutane maye, domin duk wanda ya ƙi sha idan an ambaci sarki ana iya zarginsa da rashin biyayya. Shi ya sa masu riƙo da addini a cikin Kiristocin kansu suka yaƙi abin tun kafin mu san da shi. Wani lauya Bature mai suna William Prynne ya rubuta littafi guda a 1628 yana la'antar al'adar. A 1639 hukumar yankin Massachusetts, a ƙasar da ta zama Amurka, ta haramta ta da doka, amma a 1645 aka soke dokar domin jama'a sun ƙi bari.

Zuwa nan Ghana kuwa, Turawan mulki ne suka shigo da ita ta gidajen cin abincin hafsoshin soja, da kulob-kulob ɗinsu, da liyafar gwamna, inda ake miƙewa a sha domin sarkin Ingila. Bayan 'yancin kai aka sauya sunan wanda ake ambata, tsarin ya zauna daram a liyafar gwamnati. Daga can ya gangaro bikin auren coci, daga bisani ya shigo dinar 'ya'yanmu. Wanda ke ɗaga kofi yau a otal a unguwar Nhyiaeso ta Kumasi ba ya kiran wani gunki, ba ya ma san an taɓa yi.

Tsiyaya wa ƙasa giya wani abu ne daban

Duk wanda ya taɓa halartar Akwasidae a Manhyia, fadar sarkin Asante, bikin da ke zagayowa kowane kwana 42, ko ya je jana'izar maƙwabcinsa Ba'asante, ya ga yadda ake yi. Kakakin sarki, okyeame, ko dattijon dangi, zai zame zanensa daga kafaɗa, ya zare ƙafa daga takalmi, ya riƙe ƙaramin kofi na giyar shinaf. Ya fara ɗaga shi sama ya nuna wa Onyankopon, wanda suke ɗauka mahalicci, sannan ya ɗiga wa ƙasa yana ambaton Asase Yaa, uwar ƙasa a imaninsu, sai ya bi magabata ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, kowane suna da ɗigonsa. Yana roƙon lafiya, haihuwa, arziki da kariya daga maƙiyi, na gefensa suna amsawa bayan kowace gaɓa. A Accra ma haka mutanen ƙabilar Ga ke yi lokacin bikinsu na Homowo.

Wannan addu'a ce, kuma masu yin ta ba sa ɓoye hakan. Akwai wanda ake kira, akwai abin da ake miƙa masa, akwai buƙatar da ake nema a wurinsa. Saboda haka ne ta daɗe tana jawo taƙaddama a bukukuwan ƙasa. Tun a 1957 Majalisar Kiristocin Ghana ta nuna rashin amincewa da tsiyaya giyar da aka tsara wajen tarbar wakiliyar Sarauniyar Ingila a bikin 'yancin kai. A zamanin Shugaba John Atta Mills, wanda ya yi mulki daga 2009 zuwa 2012, an janye ta daga jerin addu'o'in bukukuwan ƙasa, masu gargajiya suka yi ta ƙorafi.

Musulmin Kumasi ba baƙi ba ne a wannan fage. Turawan da suka zo fadar Asantehene Osei Bonsu, wato sarkin Asante, Bowdich a 1817 da Dupuis a 1820, sun tarar da malamai Musulmi zaune a gari suna da faɗa a ji a fada. Tun daga wancan lokaci kakanninmu suka samo hanyar da har yau ake bi: a halarta, a tsaya cikin natsuwa da girmamawa, ba a riƙe kofin, ba a amsa kiran, idan an zo kan Musulmi liman ya yi tasa addu'ar. Inda al'ada ta ce a kai kwalba wajen gaisuwar sarki ko neman aure, sai a kai goro, ko lemo, ko kuɗi a madadinta, kuma galibi ana karɓa ba tare da ɓacin rai ba. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kashi 19.9 ne cikin ɗari na mutanen Ghana, Kiristoci kashi 71.3. Wanda ke zaune a irin wannan ƙasa dole ya iya bambance wajen da zai ce a'a da wajen da zai ce na gode.

Kiran ɗaga kofin soɓolo shirka, a ganina, wuce gona da iri ne. Kama da wane ba ta wane. Shirka kalma ce mai nauyin gaske, bai kamata a jefa wa yarinyar da ta ɗaga lemo a ranar aurenta ba, alhali ba ta kira kowa ba, ba ta miƙa wa kowa komai ba. Amma kuɓuta daga shirka bai wanke abin gaba ɗaya ba.

Hujjojin malamai

Babu saɓani a kan giyar kanta. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta ce a nisance ta, kuma kurɓa ɗaya don kunyar shugaba ko abokin ciniki na cikin abin da aka hana. Akwai kuma hadisin da Tirmizi ya ruwaito cewa wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Wannan shi ne abu na uku, kuma shi ne mutane suka fi mantawa. Sai ka ga ana ta musu a kan kofin da ke hannun mutum, ba a tambayi abin da ke kan teburin da yake zaune ba.

Saɓanin yana kan kofin halal ne. Masu hanawa na kafa hujja da hadisin Abu Dawud cewa wanda ya kamanta kansa da wasu mutane yana cikinsu. Suna da wata hujjar da ta fi wannan kusa da batun. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misali a cikin Ihya'u Ulumiddin: a ce mutane sun taru sun ƙawata majalisa, sun kawo kofunan mashaya, sun zuba sakanjabin a ciki, wato abin sha na zuma da ruwan tsami wanda halal ne, sun sa mai zagayawa yana ba su, suna gaisa da juna da kalmomin da mashaya suka saba. Ya ce wannan zama haramun ne ko da abin shan halal ne, saboda kwaikwayon mutanen banza da ke cikinsa. Shekara ɗari tara ke nan da rubuta wannan, amma kai ka ce dinar makon jiya yake siffantawa.

Masu sassautawa na cewa asalin al'adu halal ne sai abin da nassi ya hana, kuma ayyuka na tafiya ne da niyya. Sun ƙara da cewa kwaikwayon da aka hana shi ne na abin da ya keɓanta da wasu mutane har ya zama alamarsu. Idan abu ya game duniya, kamar kwat da agogon hannu, ya fita daga wannan babi. A wurinsu ɗaga kofi a liyafar gwamnati ya zama ƙa'idar zaman hukuma, kamar miƙewa idan ana taken ƙasa. Batun sha a tsaye da wasu ke ƙarawa ba shi ne gundarin maganar ba, domin an ruwaito hani a kansa, an kuma ruwaito Annabi (SAW) ya sha Zamzam a tsaye.

Na fi karkata ga cewa kowane ɓangare na da wurin da maganarsa ta fi ƙarfi. Ta masu sassautawa ta fi ƙarfi a gidan wasu, inda aka gayyace ka ba kai ka tsara ba. Ta Gazali ta fi ƙarfi a gidanmu.

Ma'aikaci, ɗalibi da ɗan kasuwa

Wanda abin ya fi shafa shi ne yaronmu da ya fita Zango neman na kansa: ma'aikaciyar jinya a liyafar ƙarshen shekara, ƙaramin hafsan soja a dinar barikinsu, ɗalibin da ya gama jami'ar KNUST ana walimar sashensu, ɗan kasuwar da mai masana'anta ya gayyata cin abinci. Yawancinsu tsoro biyu ke damunsu, kada su saɓa wa Allah, kada kuma a ce ba su da wayewa ko sun raina mai gida. Akwai masu ba su shawarar cewa in ka je gari ka ga kowa da wutsiya kai ma ka nemi taka. Wannan shawara ba ta aiki a kan giya.

Ya kamata su sani cewa ƙa'idar liyafa ta duniya ba ta wajabta giya a kofi ba. George W. Bush da Donald Trump duk ba sa shan giya lokacin da suke mulkin Amurka, kuma sun ɗaga kofi a gaban sarakuna da shugabanni da abin da ba giya ba, babu wanda ya ce sun yi rashin ladabi. Akwai kuma waɗanda suka ƙi teburin ɗungurungum. A Janairun 2016, da Shugaba Hassan Rouhani na Iran ya ziyarci Faransa, an fasa cin abincin rana da Shugaba François Hollande saboda Iraniyawa sun nemi kada a sa giya a tebur, Faransawa kuma suka ƙi. Ziyarar ta gudana, an sa hannu a yarjejeniyoyi. Idan ƙasashe sun iya wannan, ƙaramin ma'aikaci ma zai iya cewa, "Ranka ya daɗe, ni ruwa zan sha," ko ya nemi a zaunar da shi tare da waɗanda ba sa sha, waɗanda a Kumasi ba su da wuyar samu, domin 'yan coci da yawa su ma ba sa taɓa ta. Abin da ya fi sauƙi shi ne a faɗa tun kafin a zauna. Mai gidan da aka gaya wa da wuri yakan tanadi lemo. Wanda aka ƙi karɓar kofinsa a gaban jama'a shi ne ke jin an kunyata shi.

Sai a kula da kwalbar kanta. Abin da ake sayarwa da sunan shamfen marar giya iri biyu ne. Akwai ruwan inabi ko na tuffa da aka sa wa iska, wanda bai taɓa zama giya ba. Akwai kuma giyar gaske da aka cire mata barasa bayan ta gama tsima, kuma a ƙasashe da dama doka ta yarda a kira abin sha marar barasa ko da akwai ragowar da ba ta wuce kashi 0.5 cikin ɗari ba. Kwalaben biyu kamarsu ɗaya, da takardar zinariya a wuya da waya a kan murfi. A juya bayan kwalba a karanta: 0.0 daban, 0.5 daban. A wurin babban taro kuma, inda masu hidima ke yawo da faranti ɗaya ɗauke da mai giya da marar giya, launi ba ya raba su. A tambaya kafin a ɗauka.

A bikinmu na gida

Nan ne abin ke ci mini tuwo a ƙwarya. A dinar auren Zango babu shugaban ofis da za a ji kunya, babu baƙon ƙasar waje. Mu muka kama zauren, mu muka biya mai gabatarwa. Amma sai ka ga an kashe fitilu, an kawo kwalba cikin bokitin ƙanƙara, abokin ango ya girgiza ta har murfin ya yi tsalle, kumfa ta wanke leshin amarya, matasa na ihu. Ango da amarya su sarƙe hannuwa kowa ya shayar da ɗan'uwansa, masu ɗaukar hoto na cewa a sake. A teburin gaba Gwaggo da Kawu na zaune da dogon kofi a hannu, ba su san ko su ɗaga ko su ajiye ba. Malamin da aka gayyato ya yi addu'ar buɗe taro tun kafin rabin jama'a su iso, an ce masa, "Malam, a taƙaita, lokaci ya ƙure," ya tafi.

A nan ba fatan lafiya ake kwaikwayo ba. Siffar kwalbar, da ƙarar murfin, da kumfar, da siririn kofin, duk an ɗauko su ne daga zaman shan shamfen, kuma daɗin abin a wurin masu yi shi ne ya yi kama da na gasken. Wannan shi ne ainihin abin da Gazali ya yi magana a kai. Yaron da ke kallo daga gefe yana koyon cewa farin ciki bai cika ba sai an fasa kwalba, ranar da ya sami kansa a inda kwalbar ta gaske ce, hannunsa ya riga ya saba.

Kuma ba don mun rasa namu ba ne. Goron da kakanninmu suka yi ta dako daga dazukan Asante ta Salaga har Kano shi ne abin da muke miƙa wa juna idan an ɗaura aure ko an raɗa suna, a shafa Fatiha, kowa ya ce Allah ya ba da zaman lafiya, Allah ya kawo ƙazantar ɗaki. Muna da ladabin sha mai tushe. Anas ya ruwaito cewa an kawo wa Annabi (SAW) madara, Abubakar na hagunsa, wani Balaraben ƙauye na damansa, da ya sha sai ya miƙa wa na daman. Muslim kuma ya ruwaito cewa mai shayar da mutane shi ne na ƙarshen sha. Je ka kowace majalisar ataya a Aboabo da daddare ka gani: mai dafawa na ɗaga buta sama yana tsiyayawa har kumfa ta hau, ya jera ƙananan kofuna a faranti, ya fara miƙa wa babba, a yi zagaye na ɗaya mai ɗaci, na biyu, na uku mai zaƙi, shi kuwa sai kowa ya samu yake kai nasa baki. Babu wanda ya koya wa waɗannan samari daga littafin liyafa.

Idan ana son lokaci na musamman da dukan zaure zai haɗu a kan ango da amarya, wannan buƙata ce mai kyau, kuma ana iya biyanta. A dawo da addu'ar malam tsakiyar taro lokacin da zaure ya cika, a ba dattijuwa ɗaya daga kowane dangi minti biyu ta sa albarka, a zagaya da fura ko lamurje ko burkina a fara daga dama. Yawancin iyaye ba su taɓa neman a fasa kwalba ba. Tana shigowa ne cikin jerin shirye-shiryen da mai gabatarwa da mai ƙawata zaure ke kawowa a rubuce, a sa hannu ba a karanta ba. Ranar da ake cinikin zauren ya kamata uba ko kawun amarya ya karɓi takardar ya bi ta layi-layi, ya soke abin da bai yarda da shi ba, ya ce a cire kuɗin kwalaben daga lissafi.